Saura kwana 40 in tafi Gambiya aikin sa-kai, yaya zan bar gida?

Abu Hanif: Assalamu alaikum jama'ar wannan zaure. Da yawanku kun san ni ma'aikacin jinya ne a nan Gombe, shekara 11 ke nan. Bara na nemi shiga shirin TAC, wanda gwamnatin tarayya ke tura ma'aikata aikin sa-kai na shekara 2 a wasu ƙasashe. Na je Abuja aka tantance mu, shiru shiru har na cire rai. Makon jiya sai ga saƙo, sunana ya fito, Gambiya. An ce mu zauna cikin shiri, abin ba zai wuce kwana 40 ba.

Na yi murna, ba zan ɓoye muku ba. Amma tun ranar barci ya ƙaurace min. Dada, mahaifiyata, ta haura 70, tana da hawan jini da suga, kuma ni ne kullum bayan asuba nake biyawa in gwada ta kafin in wuce aiki. Maiɗakina tana da ciki wata 5, ga yara 3, babban yana aji 4 na firamare. A gidan haya muke a Pantami. Hamma, yayana, ya ce a kwashe su su dawo babban gida a Jekadafari, a huta da kuɗin haya, shi kuma ya riƙe katin banki yana ba su abin da suke buƙata. Wanda ya taɓa irin wannan tafiya, ko aka taɓa bari a gida, don Allah ya ba ni shawara. Me zan ɗauka, me zan bari, wa zan bar wa?

Maman Sultan: Masha Allah! Allah ya sa alheri ne ya kira ka, ya tsare hanya.

Bappah Kumo: Wa alaikumus salam. Barka, ƙanina. Na yi koyarwa a can shekara 2, don haka bari in rage maka nauyin jaka tun yanzu. Ƙasar ƙarama ce ƙwarai, jihar Gombe ta fi ta faɗi, mutanenta ba su kai miliyan 3 ba, kuma Senegal ta kewaye ta ta ko'ina sai ɗan bakin teku. Kogin Gambiya ya raba ta biyu. In a Banjul ko Serekunda aka ajiye ka, akwai iskar teku. In cikin ƙasa aka tura ka, wajen Farafenni ko Bansang ko Basse, to zafin Maris da Afrilu bai da maraba da namu, ka tafi da kaya marasa nauyi.

Abinci kada ka wahalar da kanka. Shinkafa ce abincinsu, dare da rana. Akwai benachin, dafa-duka ce da kifi ko nama. Akwai domoda, miyar gyaɗa mai kauri. Zoɓo suna da shi, wonjo suke ce masa. Daddawa da kuka da kuɓewa duk za ka samu a kasuwa, sunan ne kawai ya canza. Abin da na yi kewa shi ne yajin gida da tuwon masara, don haka yaji ka sa a daka maka mai yawa, a ɗaure a leda biyu. Kilishi kuwa ana iya karɓe shi a filin jirgi, kada ka zuba kuɗi a kansa. Kuɗinsu dalasi. Soket ɗinsu irin namu ne mai baki uku, cajarka za ta shiga. Agogonsu yana bayan namu da awa 1.

Kana jin Fulatanci?

Abu Hanif: Ina ji sosai, Hamma Bappah. Da shi muke magana da Dada.

Bappah Kumo: To ka samu rabin hanya. Akwai Fulɓe da yawa, musamman gabashin ƙasar. Nasu Pulaar ya ɗan sha bamban da namu, amma ndiyam ruwa ne, kosam nono ne, nagge saniya ce, can da nan. Ranar farko da na ce wa wani tsoho mai kanti jam waali, ya amsa da jam tan, ya riƙe hannuna ya ƙi saki, ya zaunar da ni sai da na sha shayinsu na attaya zagaye 3. A asibiti kuwa Mandinka da Wolof za ka fi ji, ka fara koyon gaisuwa da "ina ke ciwo" tun kana nan. Turanci harshen ofis ne, tsohuwar da aka kawo daga ƙauye ba ta jin sa.

Sadiq Herwagana: Ni fa ban taya murna ba tukuna, ku yi min afuwa. Gida bai ƙoshi ba an kai wa dawa. Watan da ya wuce na kwana da ƙanwata a wani asibiti, ma'aikaciya ɗaya ce a kan ɗaki guda cike da marasa lafiya, tun magariba har gari ya waye, baiwar Allah ko zama ba ta yi ba. A irin wannan hali ne za a ɗauki mai ƙwarewar shekara 11 a kai wata ƙasa? Mu wa ya bar mana? Kuma a daina ce masa sa-kai, tunda da dala ake biya.

Abu Hanif: Sadiq, maganarka ta taɓa ni, don na san wannan daren da kake faɗa, na sha yin irinsa ni kaɗai. Kuma ba zan ce kuɗin ba ya cikin lissafina ba, ƙarya ne in na faɗa. Ina da fili a Tumfure shekara 6 ko tubali ɗaya ban ɗora ba. Amma ba shi kaɗai ba ne. Ina so in ga yadda wasu ke aiki da ɗan abin da suke da shi, in kuma koyar da abin da na iya.

Dakta daga Bauchi: Sadiq, ƙorafinka gaskiya ne, amma ka ɗora shi a inda bai dace ba. Wanda ke zubar mana da ma'aikata shi ne tafiyar da ba dawowa, wadda ake yi zuwa Ingila da Saudiyya da Kanada. Wannan shiri kuwa wa'adi gare shi, shekara 2 mutum ya dawo bakin aikinsa. Tun 1987 aka kafa shi, zamanin Babangida, lokacin Farfesa Bolaji Akinyemi na ministan harkokin waje. Tunanin shi ne maimakon Najeriya ta riƙa miƙa wa ƙasashen Afirka da Karebiyan da Fasifik tsabar kuɗi, wanda ba a san inda zai ƙare ba, gara ta tura musu mutane: malamai, likitoci, ma'aikatan jinya, injiniyoyi. Najeriya ke biyan alawus da kuɗin jirgi, ƙasar da ta karɓe ka ta ba ka masauki. Ita Gambiya ma tsohuwar alaƙa ce, Mai shari'a Emmanuel Ayoola ɗan Najeriya ne ya riƙe kujerar alƙalin alƙalanta daga 1983 zuwa 1992.

Ni Yuganda na yi, a garin Mbale, inda Jami'ar Musulunci take, wadda aka buɗe a 1988, 'yar uwar ta Say da ke Nijar. Abin da na koyo a can na tsara aiki har yau da shi nake amfani a Bauchi.

Sadiq Herwagana: Na ji, Dakta. Amma mara lafiyar da zai kwanta a shekara 2 ɗin nan ba zai jira a dawo ba. Ban canza ra'ayi ba, sai dai ba da Abu Hanif nake ba, da masu ɗaukar ma'aikata nake. In an saki ɗaya a ɗauki wani.

Dakta daga Bauchi: A nan kam bakinmu ɗaya.

Abu Hanif, takardu. Kada ka tashi sai takardar sakinka daga wurin aiki tana hannunka, a rubuce, da sa hannu da hatimi, an faɗi ranar tafiya da ranar dawowa da matsayin albashinka da ƙarin girma. Alkawarin baki na "je ka, ba komai" ba ya aiki ranar da aka canza shugaba. Ka duba fasfo, kada ya ƙare kana can. Ka sabunta lasisinka na hukumar ma'aikatan jinya da unguwarzoma, don can ma sai ka yi rajista da tasu hukumar kafin ka taɓa mara lafiya. Katin rigakafin shawara dole ne, allurar sau ɗaya ce a rayuwa tun daga 2016, amma katin ya zama na gaske. Duk takardunka ka ɗauki hotonsu ka ajiye a imel, ka bar kwafi a gida. Sannan layin wayarka da ke haɗe da banki, ka tafi da shi, ka riƙa sa masa kati lokaci lokaci. In ya daɗe a mace kamfani zai rufe shi ya sayar wa wani, lambar sirrin bankinka ta riƙa zuwa wayar baƙo.

Maman Ikram: Assalamu alaikum. Na karanta duka tun daga sama, an yi maganar yaji, an yi maganar fasfo, an yi maganar gwamnati. Ban ga wanda ya tambaya ba: ita matar me ta ce?

Ni aka bari a gida, shekara 2 da wata 3, maigidana ya tafi aiki waje da wata ƙungiya. Irin shawarar da Hammanku ya kawo ita aka yi a kaina. An yanke ta a zaure, sai gani na yi ana kwance gado. Aka kai ni ɗaki ɗaya da yara 4 a gidansu, kujeruna suna jibge a baranda har damina ta cinye su. Katin banki yana hannun ƙaninsa. Wallahi ba ɓarawo ba ne, yaron kirki ne, amma ku duba: mace da 'ya'ya 4 sai ta aika a kira ƙanin miji ta ce sabulu ya ƙare. Akwai abin da mace ke saye duk wata wanda ba za ta iya faɗa wa ƙanin miji ba. Ranar da Ikram ta yi zazzaɓi da tsakar dare har tana sanƙarewa, shi yana Kaltungo wajen biki, wayarsa a kashe, ni ko kuɗin keke babu a hannuna. 'Yan kunnena na kai wa maƙwabciya jingina. In maigidan ya kira kuwa a tsakar gida nake amsawa, kowa na ji, sai in ce lafiya lau. Shekara 2 ina cewa lafiya lau. Sai da ya dawo ya ga ramar da na yi.

Ƙanina, ka zaunar da ita, ku biyu, ba yara ba Hamma. Ka tambaye ta, kuma ka yi shiru ka ji amsa.

Maman Sultan: Allahu akbar. Adda, kin faɗi abin da ke cikin mata da yawa.

Alhaji Baffa: To ni dattijo ne, bari in faɗi nawa ko ba zai yi daɗi ba. Mace mai ciki da ƙananan yara 3, ita kaɗai a gidan haya, ba namiji, shekara 2? Wa zai buɗe ƙofa in an buga cikin dare? Wa zai tsawata wa yaron nan in ya fara bin abokai? Bakin mutane kuma fa? Mu da muka taso, in mutum zai yi doguwar tafiya, fatauci ko aikin hajji ta ƙasa, wajen iyayensa yake mayar da iyalinsa, kuma ba a ga aibu ba. Abin da ya sami 'yata Maman Ikram rashin tsari ne, ba laifin babban gida ba ne. Ga kuma tsohuwa na buƙatar mai dubawa. A haɗa su wuri ɗaya, jifa ɗaya tsuntsu biyu.

Maman Ikram: Baffa, da girmanka, ban ce babban gida aibu ba ne. Wata ma shi za ta zaɓa da bakinta. Amma ka duba abin da ka ce a ƙarshe. Mai ciki wata 5, nan da wata 4 tana jego, ita ke buƙatar mai dafa mata ruwan wanka da kunun kanwa, sai a mai da ita mai jinya? In ta yi don Allah ta samu lada, amma kada a ɗora mata a ce an taimake ta.

Alhaji Baffa: Wannan kuma kin yi gaskiya. Amma ban janye maganar tsaro ba.

Malam na Bolari: Bismillah. Abu uku zan tuna wa ɗan uwa. Wani mutum ya zo neman izinin fita jihadi, Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya tambaye shi ko iyayensa na raye, da ya ce eh sai ya mayar da shi gare su. Hadisin yana Bukhari da Muslim. To in jihadi ya jira yardar iyaye, aikin sa-kai ya fi cancantar jira. Kuma yardar uwa ba ita ce "Allah ya kiyaye hanya" da ake faɗa da baki ba, iyayenmu mata suna da kara, ba za su ce kar ka tafi ba. Kai ka san fuskarta.

Na biyu, haƙƙin matar aure. An ruwaito cewa Sayyidina Umar ya sa wa mayaƙa wa'adi kada su wuce wata 6 ba su dawo ga iyalansu ba. Don haka shekara 2 sai da yardarta, ba kyauta kake mata ba in ka tambaye ta. Ka kuma bincika tun yanzu yadda hutu yake, ka ware kuɗin jirgi ko sau ɗaya ne. Ciyarwa ita ake bai wa, masauki kuma haƙƙinta ne ya zama wanda take da sirri a cikinsa.

Na uku, ka rubuta wasiyya. Bashin da ake bin ka, wanda kake bi, takardar filin nan, ajiyar mutane da ke hannunka, da shaidu 2. Rubuta ta ba ya kawo ajali. Sallah kuwa, da zarar ka sauka da niyyar zaman kwana 4 ko fiye ka daina ƙasaru. Mutanen can galibi Musulmi ne 'yan mazhabar Malikiyya irinmu, ba za ka ji baƙunta a sahu ba.

Bappah Kumo: Haka ne Malam. In ma Allah ya sa Farafenni aka kai shi, hanyar da ta ratsa garin ita ke zuwa Kaulaha, ba nisa, mutanenmu masu zuwa maulidi zai riƙa haɗuwa da su. Tun 2019 aka buɗe gada a wajen, an huta da jiran jirgin fito.

Amma bari in ƙara a kan maganar Maman Ikram, don ni ma na yi kuskuren. Wata 3 na farko su ne masu wuya, a gare ka da su. Kafin ka buɗe asusu a can, ka gane hanyar turo kuɗi, lokaci zai ja. Ka bar musu abincin wata 3 a ɗaki, masara da shinkafa da wake da mai, da kuɗin makarantar zango 2 a biye. Kai ma ka riƙe ɗan abin da za ka ci wata guda. Kuma ka sa lokacin kira tsayayye. Ni bayan isha'insu nake kira, kullum, ko minti 3 ne. Ƙaramar 'yata tana wata 8 na tafi, da na dawo ɓuya ta yi a bayan uwarta, ta fi mako tana ce min "mutumin waya". Wannan ba wanda ya shirya ni a kansa.

Adda Nas: Abokin aiki, maganar Dada. Kai ka san suga ba ya jiran kowa. Ka zaɓi mutum ɗaya a gidan, mai hankali, mai karatu, ka koya masa gwaji tun kana nan, ya yi a gabanka sau 20. Ka sayi na'urar awon jini mai batir, da tsinken gwajin suga na wata 6, ka duba ranar lalacewarsu. Littafi guda a riƙa rubuta lamba kullum, a turo maka hotonsa duk Juma'a. Ka rubuta a bango da manyan baƙi: in ta yi gumi tana rawar jiki tana magana ba daidai ba, a ba ta abu mai zaƙi nan take, a gwada, a kira. Ni Bolari nake, Jekadafari ba nisa, zan riƙa leƙa ta duk mako biyu in Allah ya yarda. Awon maiɗakinka ma ka bar min.

Abu Hanif: Adda, ban san da bakin da zan gode miki ba. Allah ya saka da Aljanna. Jama'a ku ba ni kwana biyu.

Abu Hanif: Assalamu alaikum. Na dawo. Adda Maman Ikram, na yi yadda kika ce, kuma na ji kunya, don kwana 9 da zuwan saƙon ban taɓa tambayarta ba, labari kawai nake ba ta. Da na tambaya ta daɗe tana ninke kayan yara ba ta ɗago ba. Sannan ta ce tafiyar ta yarda, ta san abin da muke fata. Amma tana so ta zauna a ɗakinta, kada a canza wa yara makaranta da islamiyya. Ta ce in cikin ya shiga wata 9 za ta koma gidansu a Kumo ta haihu ta yi arba'in, ta dawo da Goggonta da ƙaninta da ke karatu a jami'ar jiha, su zauna tare. Baffa, ka ga an samu namiji a gidan. Ta ce kuɗin cefane a asusunta, na Dada a hannun Hamma, na gini kada kowa ya taɓa. Ashe ta gama tsara komai a ranta, jira take a tambaye ta. Har ta ce in zaɓi sunan abin da za a haifa in rubuta, na namiji da na mace, in bar kuɗin rago, Hamma ya yi huɗuba.

Hamma bai ji daɗi ba da farko, ya ce ko ban yarda da shi ba ne. Sai da muka kai sha ɗayan dare a ƙofar gida kafin ya sauko.

Dada ce ban gama da ita ba. Jiya da asuba ina ɗaura mata abin awo a hannu na ce, Dada, in kin ce in zauna wallahi na zauna. Ta ce in tafi, arziƙi na Allah ne, ta yafe min duniya da lahira. Sai ta riƙe hannuna da ke kan na'urar ta ce, in ta Allah ta kasance kana can, kada ka taso hankali a tashe, 'yan uwanka za su rufe ni, kai ka yi min addu'a daga inda kake. Awon ya fito 170 bisa 100. Ban iya rubutawa ba sai da na fita waje.

Alhaji Baffa: Allah sarki uwa. Tsarin yarinyar nan ya yi, na gamsu tunda ƙaninta zai kwana a gidan. Allah ya yi mata albarka. Ita kuma tsohuwa, ka ƙara komawa, ba da na'ura a hannu ba. Ka je da daddare ka zauna a bakin gadonta ku yi hira kawai.

Malam na Bolari: Ka yi istihara kuma, ko ka riga ka yi. Allah ya ba ta lafiya da nisan kwana, ya sa ka dawo ka same ta.

Sadiq Herwagana: Ina nan a kan bakana game da asibitocinmu. Amma ranar tafiya ni zan kai ka filin jirgi na Lawanti, ka faɗa min lokaci.

Abu Hanif: Na gode Sadiq, zan faɗa maka. Baffa, yau da daddare zan je in sha Allah. Adda Nas, 'yar Hamma mai aji 5 na sakandare na zaɓa, yau ta yi gwajin farko, hannunta na rawa ta soki yatsar sau biyu, Dada tana ce mata a hankali. Gobe za ta sake. In kin tashi aiki da wuri ranar Asabar, ki biyo ki ga yadda take yi.